HAILE SELASI, SARKIN HABASHA: Uban Da Bai Tsawata Wa Manyan Gidansa Ba

Cikin wannan wata muna so mu ba masu karatu labarin wani sarki na Afirka wanda sunansa ya game duniya, watau Haile Selasi na ƙasar Habasha. Shekara 58 ya yi da ragamar ƙasarsa a hannu, 14 yana mai riƙo da jiran gado, 44 yana Sarkin Sarakuna. Talakawansa su kan kira shi Ababa Janhoy, watau Baba Mai Martaba. In motarsa ta zo wucewa mutane su kan zube a bakin hanya har goshi ya taɓa ƙasa. Amma ran da aka fid da shi daga fada ba wanda ya ɗaga ko sanda domin ya tsare shi. Samarin da suka taru a hanya suka bi motar da ihu, suna kiransa ɓarawo.

Me ya faru tsakanin wancan zubewa da wannan ihu? Abin da mu ke so mu bi sawunsa ke nan. Zancen kuwa ya shafe mu, gama a cikinmu akwai masu gida, da dattawan ekklesiya, da masu riƙe da sarauta, kowannensu da waɗanda su ke ce masa baba.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 23 ga watan Yuli 1892 a wani ƙauye da a ke kira Ejersa Goro, kusa da Harar, tsohon birni mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano ko Zariya. Sunan da aka raɗa masa Tafari. Ubansa Ras Makonen shi ne mai mulkin Harar. Ɗan'uwan Sarki Menelik ne, yana kuma cikin manyan jarumawan da suka karya rundunar Italiya a yaƙin Adwa cikin 1896. Kalmar nan Ras sunan babbar sarauta ce a Habasha, asalin ma'anarta kai.

Tafari bai san daɗin uwa ba, gama ta rasu tun bai cika shekara 2 ba. Uban kuma ya rasu cikin 1906, yaron yana da shekara 13, amma ya riga ya sa an koya masa karatun ƙasarsu da kuma Faransanci. Aka ɗauki maraya aka kai shi fadar Menelik a Adis Ababa. A can ya koyi irin karatun da ba a koyarwa a makaranta, watau yin shiru, da jira, da lura da wanda ke gaba da wane, da ɓoye abin da ke cikin zuciya. Ɗan gajeren mutum ne siriri, mai magana a hankali. Cikin 1910 aka ba shi Harar, kujerar ubansa. Cikin 1911 ya auri Menen, wadda suka zauna tare shekara 50.

Yadda ya hau gado

Menelik ya rasu cikin 1913, jikansa Lij Iyasu ya gaje shi. Manyan ƙasa da shugabannin ekklesiyar Habasha ba su ji daɗin yaron ba. Suka zarge shi da barin addinin kakanninsa, suka tuɓe shi cikin watan Satumba 1916. Suka naɗa Zauditu 'yar Menelik sarauniya, suka sa Tafari ya zama mai riƙo da jiran gado, yana da shekara 24. Da yawa cikinsu suna tsammani sun sami yaron da za su riƙa juyawa yadda su ke so.

Ashe ba su san shi ba. Da sannu da sannu ya yi ta janye iko daga hannunsu. Ya shigar da Habasha cikin Ƙungiyar Al'ummai cikin 1923, ƙungiyar da ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya zaga ƙasashen Turai cikin 1924, ya buɗe makaranta da sunansa cikin 1925, ya aika da samari karatu waje. An kan ba da labarin yadda ya yi da Balcha, tsohon jarumin Adwa mai mulkin Sidamo, wanda ya zo Adis Ababa cikin 1928 da dubban mayaƙa domin ya nuna ƙarfi. Tafari ya kira shi cin abinci a fada, ya yi ta girmama shi. Suna cikin ci aka aika sansaninsa aka raba wa mayaƙansa kuɗi, aka ce su koma gida. Ko da Balcha ya fito, sai ya tarar da sansani wayam.

Zauditu ta rasu cikin watan Afril 1930. Ran 2 ga Nuwamba na wannan shekara aka sa wa Tafari rawanin sarauta, ya ɗauki sunansa na baftisma, Haile Selasi, watau Ikon Triniti. Gidan sarautar Habasha sun riƙe cewa su zuriyar Sarki Sulemanu ne da Sarauniyar Sheba, an kuwa rubuta wannan cikin tsarin mulkin ƙasar, tare da cewa jikin sarki abu ne mai tsarki wanda ba a taɓawa.

Yaƙin Italiya

Ran 3 ga Oktoba 1935 Musolini na Italiya ya aiko da runduna ta faɗa wa Habasha da jiragen sama da hayaƙi mai guba. Sarki da kansa ya ja yaƙi a Maicau ran 31 ga Maris 1936, aka ci su. Ran 2 ga Mayu ya shiga jirgin ƙasa ya fita daga ƙasar. Waɗansu manya suka ga abin kunya ne sarki ya bar talakawansa a bakin wuta. Amma ran 30 ga Yuni ya tsaya gaban Ƙungiyar Al'ummai a birnin Janiba, ya kai ƙarar Italiya cikin harshen Amhara, ya gargaɗe su cewa abin da aka yi wa ƙasarsa zai iske sauran ƙasashe in an yi shiru. Ba su taimake shi ba. Bayan shekara 3 wutar babban yaƙi ta kama Turai, duniya ta tuna da maganarsa.

Ya zauna gudun hijira a garin Bath na Ingila. Waɗanda suka rage a gida suka sha azaba. Cikin Fabrairu 1937 Italiyawa suka kashe dubban mutane a Adis Ababa cikin kwana 3, amma mayaƙan sa-kai ba su bar yaƙi cikin duwatsu ba. Cikin 1941 rundunar Ingila ta shigo, a cikinta kuwa har da sojan Nijeriya, waɗanda suka bi ta ƙasar Somaliya suka shiga Harar cikin watan Maris. Watau kakanninmu suna cikin waɗanda suka buɗe ƙofar garin ubansa. Ran 5 ga Mayu 1941 sarki ya komo Adis Ababa, shekara 5 daidai da ranar da Italiyawa suka shige ta. A ran nan ya roƙi mutanensa kada su rama mugunta a kan Italiyawan da suka faɗa hannunsu. Ba a taɓa ƙaunarsa kamar yadda aka ƙaunace shi a wannan lokaci ba.

Ayyukansa na kirki

Wajibi ne mu faɗi alherinsa, gama yana da yawa. Cikin 1942 ya kafa dokar da ta hana bauta. Ya gina makarantu da asibitoci, ya kan kuma ziyarci 'yan makaranta da kansa, ya duba abincinsu, ya raba musu riguna da alewa a lokacin Kirsimati. Ya buɗe babbar kwaleji a Adis Ababa cikin 1950, cikin 1961 ya ba da ɗaya daga cikin fadodinsa ta zama jami'a. Ɗaruruwan shekaru daga Masar a ke aiko wa ekklesiyar Habasha da babban bishop. Da ƙoƙarinsa ɗan ƙasa, Abuna Basiliyos, ya hau wannan kujera cikin 1951, ekklesiyar kuma ta sami cikakken ikon kanta cikin 1959. Da umurninsa aka yi sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki cikin harshen Amhara. Cikin Mayu 1963 ya tara shugabannin Afirka a Adis Ababa, har da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A idon baƙi shi ne dattijon nahiyar duka.

Gona da masu ita

Amma in muna so mu san lafiyar gida, ba a zaure za mu tsaya ba. Sai mun shiga ciki mun ga abin da yara su ke ci.

Yawancin mutanen Habasha manoma ne. A zamanin Menelik aka ci ƙasashen kudu da yaƙi, ƙasar Oromo da Sidama da Wolaita da sauransu, aka rarraba gonakinsu ga mayaƙa, da 'ya'yan sarauta, da majami'u. Mutumin da kakanninsa suka sare daji suka yi gona ya wayi gari yana noma ta wani. Bayan 1941 Haile Selasi ya ci gaba da wannan rabo. Duk wanda ya ke so ya saka wa, ko hafsa, ko minista, ko dangi, sai ya yanka masa ƙasa, da mutanen da ke zaune a kanta. Mai noman gonar wani ya kan ba mai ƙasa kashi ɗaya cikin uku na amfanin gona, ko rabi, dokar 1960 ma ta yarda a karɓa har kashi uku cikin huɗu. Ban da wannan ya kan yi wa mai ƙasa itace, ya gyara masa shinge, matarsa ta yi masa niƙa, ya kai gaisuwa ran idi. Ran da mai ƙasa ya ga dama ya kore shi. Da motocin noma suka shigo wajen ƙarshen shekarun 1960, masu ƙasa da yawa suka ga ba su da sauran bukatar manoma, suka kore su. A kwarin kogin Awash aka ba kamfanonin rake da auduga fadamun da makiyayan Afar su ke kai dabbobinsu da rani.

Ina ne talaka zai kai kuka? Alƙalin lardi mai ƙasa ne, gwamna mai ƙasa ne, ɗan majalisa mai ƙasa ne. Ekklesiyar ƙasar ma tana cikin manyan masu ƙasa, tana karɓar rabonta daga manoma, saboda haka bakinta ya yi nauyi. Sai dai mutum ya yi tafiyar kwana da kwanaki zuwa Adis Ababa, ya tsaya a ƙofar fada, ko ya faɗi gaban motar sarki da takarda a hannu. Sarki kuwa ya kan zauna shari'a da kansa, wani lokaci ya share wa mutum hawaye. Amma na mutum ɗaya ya kan share, ya bar abin da ke sa dubbai kuka.

Ga yadda ya ke riƙe manyansa. Ya kan naɗa mutum yau, ya ɗauke shi gobe, ya sa abokin gabansa a wurin, domin kada kowa ya yi saiwa. Habashawa suna da suna domin wannan, shum-shir, watau naɗa da tuɓe. Kowane minista yana kawo masa rahoton ɗan'uwansa. Ba a yarda da jam'iyyar siyasa ba, jaridu ba su buga sai abin da aka tace. Laifin da ba ya gafartawa shi ne rashin biyayya gare shi. Amma gwamnan da ya ci amanar talakawa, muddin yana zubewa a fada, sau da yawa hukuncinsa bai wuce a ɗauke shi a kai shi wani lardi ba. Ba sau ɗaya ba aka kawo wa majalisa dokar da za ta rage wa manoma nauyi, masu ƙasa da suka cika majalisar suka danne ta. Sarkin da ya iya watsa rundunar Balcha cikin yini ɗaya bai sa ƙarfinsa a kan wannan ba, gama waɗannan manya su ne ginshiƙan gadonsa.

Gargaɗi na fari

Akwai wani saurayi, Girmame Neway, ɗan babban gida, wanda ya yi karatu a Amurka. Da ya komo aka ba shi mulkin ƙasar Wolaita. Ya ga mutane ba su da gona ga kuwa ƙasa kwance ba mai nomanta, sai ya fara zaunar da marasa gona a kai, ya kuma gina makarantu. Masu ƙasa suka kai ƙararsa fada. Aka ɗauke shi aka jefa shi Jijiga, can gabas cikin ƙasar makiyaya. Saurayin ya gane cewa wanda ya taɓa manya shi a ke hukuntawa.

Wansa Janar Mangistu Neway shi ne shugaban sojan da ke tsaron sarki. Ran 13 ga Disamba 1960 da dare, sarki yana ziyara a ƙasar Birazil, 'yan'uwan nan biyu suka kama ministoci suka tsare su a fada. Kashegari mutane suka ji muryar Yarima Asfa Wasan, babban ɗan sarki mai jiran gado, a rediyo, yana karanta takardar da ke cewa an daɗe ana zaluntar talakawa, ƙasa ta tsaya wuri ɗaya, an kafa sabuwar gwamnati. Ɗaliban kwaleji suka fito suna goyon baya. Amma sauran soja da mayaƙan sama suka tsaya wa sarki, shugaban ekklesiya ya la'anci masu tawaye, cikin kwana kaɗan aka murƙushe su. Da suka ga an ci su, suka harbe manyan da ke hannunsu. Girmame ya mutu wajen gudu, aka rataye Mangistu a bainar jama'a cikin Maris 1961.

Sarki ya komo, ya gafarta wa ɗansa a kan cewa tilasta masa aka yi. Amma maganar da aka karanta a rediyo ta riga ta shiga kunnen kowa. Da a ce ya tsaya ya tambayi abin da ya sa mai tsaron ƙofarsa ya juya masa baya, watakila da labarin nan ya sāke. Abin da ya yi shi ne ya ƙara saka wa waɗanda suka tsaya masa da muƙami da ƙasa.

'Ya'yan da ya koyar

Ɗaliban nan da ya kan kira 'ya'yansa, waɗanda ya ciyar ya tufasar, su ne suka fara fasa kiransa uba. Da yawa cikinsu 'ya'yan manoma ne, sun san abin da iyayensu su ke aunawa a masussuka. Cikin Fabrairu 1965 suka yi jerin gwano zuwa majalisa suna neman a ba mai noma gonar da ya ke nomawa. Daga nan kusan kowace shekara sai an yi tarzoma. Sarki ya kan yi musu faɗa a rediyo kamar yadda uba ke yi wa yaran da ba su da godiya, a kori waɗansu, a ɗaure waɗansu, daga baya a yi musu afuwa. Cikin Disamba 1969 aka harbe shugaban ɗaliban jami'a, kashegari sojan tsaron sarki suka buɗe wuta a kan waɗanda suka taru wurin gawarsa. Manoma ma sun tashi, a Bale daga 1963, a Gojam cikin 1968.

A cikin gidansa kuma mutuwa ta yi ta ɗauka. 'Ya'yansa mata uku sun riga shi. Makonen, ɗan da ya fi ƙauna, ya mutu a haɗarin mota cikin 1957. Cikin 1962 ya binne matarsa Menen da autansa Sahle Selasi. Cikin 1973 ciwon shanyewar jiki ya kama Yarima Asfa Wasan, aka fita da shi Turai. Sarki ya cika shekara 80 cikin 1972, aka yi biki mai yawan kashe kuɗi, amma bai saki ko igiya ɗaya daga hannunsa ba, bai kuwa shirya wanda zai karɓa ba.

Yunwar Wallo

Dattawanmu suna tune da farin 1973, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe shanu a Nijar da arewacin Nijeriya. A wannan lokaci ne ruwa ya ƙi sauka a lardin Wallo da Tigre na Habasha. Manoma suka sayar da shanun noma, suka sayar da gona, suka ci iri, sa'an nan suka gangaro bakin babbar hanya suna tare motoci suna roƙo. Makiyayan Afar, da aka riga aka raba su da fadamunsu, suka mutu tare da dabbobinsu. Akwai hatsi a waɗansu larduna, amma mai yunwa ba shi da abin saye. Masu mulkin lardi da ministoci suka rufe zancen, domin a ganinsu abin kunya ne ga sarki da ƙasa. Da waɗansu mayunwata suka taso da ƙafa zuwa Adis Ababa, 'yan sanda suka tare su a bayan gari. A Dese, babban garin Wallo, aka harbi 'yan makaranta da suka fito saboda yunwar. Dubun dubatan mutane suka mutu, waɗansu masu lissafi sun kai adadin har 200,000.

Cikin Oktoba 1973 wani ɗan jaridar Ingila, Jonathan Dimbleby, ya nuna hotunan majigi na yunwar a talabijin na ƙasarsu, asiri ya tonu. Sarki ya tafi Wallo cikin Nuwamba. Masu tarihi sun rabu biyu, waɗansu sun ce ɓoye masa aka yi, waɗansu sun ce ya sani. A ganinmu ko wanne ne gaskiya, alhaki bai sauka daga kansa ba. In ɓoye masa aka yi, ai shi ya gina gidan da ba mai iya kawo wa maigida mugun labari.

Faɗuwa

Abin ya faro daga rijiya. Cikin Janairu 1974, a barikin Nagele can kudu, famfon ƙananan soja ya lalace, hafsoshi suka hana su ɗiba a nasu. Sojan suka tsare hafsoshin. Da aka aiko da janar daga Adis Ababa, suka tsare shi shi ma, suka sa shi ya ci abin da su ke ci, ya sha abin da su ke sha. Cikin Fabrairu direbobin tasi suka yi yajin aiki saboda tsadar mai, malaman makaranta suka bi, sa'an nan sojan waɗansu barikoki. Firayim Minista Aklilu ya sauka. Cikin Yuni ƙananan hafsoshi fiye da 100 suka kafa kwamiti da a ke kira Darg. Suka shiga kama manyan ƙasa ɗaya ɗaya, suna cewa saboda biyayya ga sarki su ke yi, domin su raba shi da miyagun bayi. Sarki yana zaune a fada ana kwashe mutanensa, bai hana ba, har ya rage kusan shi kaɗai.

Ran 11 ga Satumba da dare aka nuna wa mutanen Adis Ababa hotunan yunwar Wallo a talabijin, aka haɗa su da hotunan bukukuwan fada. Da gari ya waye ran 12, waɗansu hafsoshi suka shiga suka karanta masa takardar tuɓewa. Ɗan'uwansa Ras Imru, wanda suka tashi tare tun suna yara, yana wurin. Shi Ras Imru ya daɗe da raba wa manoma gonakinsa, saboda haka soja ba su taɓa shi ba. Aka sa tsoho mai shekara 82 a bayan wata ƙaramar mota Volkswagen aka fita da shi.

Ran 23 ga Nuwamba 1974 aka harbe mutum wajen 60 ba tare da shari'a ba, a cikinsu akwai firayim minista biyu na dā da jikan sarki. Cikin Maris 1975 aka karɓe dukan gonaki daga masu ƙasa, aka kuma kashe sarautar. Ran 27 ga Agusta 1975 Haile Selasi ya mutu a tsare. Gwamnati ta ce ciwo ne, amma bayan shekaru bayinsa suka ba da shaida gaban kotu cewa kashe shi aka yi. Cikin 1992 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani ɗaki cikin fada, aka binne shi ran 5 ga Nuwamba 2000 a babbar majami'ar Triniti a Adis Ababa, kusa da matarsa.

Kada kuwa wani ya yi tsammani faɗuwar uban ta kawo wa 'ya'yan hutu. Mulkin Darg a hannun Mangistu Haile Mariyam ya kashe dubban ɗaliban nan da suka yi murna, ya kashe shugaban ekklesiya Abuna Tewofilos cikin 1979, yunwar 1984 kuma ta fi ta Wallo muni. Sai cikin 1991 aka kore shi.

Abin da za mu ɗauka

Masu karatu sun san labarin Eli firist, wanda shi kansa mai tsoron Allah ne, amma 'ya'yansa suna ƙwace naman hadaya daga hannun masu sujada. Ya yi musu magana, bai hana su ba, hukunci kuwa ya sauko a kan gidan duka. Mun ga irin wannan a Habasha. Haile Selasi mutum ne mai ibada, mai aiki tun asuba, mai kyauta. Amma manyan da ke ci da sunansa sun ci ƙanana shekara da shekaru yana gani, har ranar da ƙanana suka daina rarrabe tsakaninsa da su.

Sau da yawa mu kan ji dattawa suna kuka cewa yaran yanzu ba su ganin girman manya. Kukan yana da gaskiya a ciki. Amma kafin mu ɗora wa yara laifin duka, ya kamata kowane mai gida da kowane dattijon ekklesiya ya tambayi kansa abu uku. Wa ke ci da sunana, me kuwa ya ke yi wa waɗanda ba su da baki? Yaushe rabon da wani ƙarami ya kawo mini labarin da ba na so, na kuwa saurare shi ban hukunta shi ba? Wa na ke shiryawa ya karɓi aikin nan tun ina da rai? In ma'ajin ekklesiya ɗan'uwanmu ne, a ƙidaya baiko gaban shaidu duk da haka. In gwauruwa ta kawo ƙarar babban mutum a kan gonar marayunta, a ji ta kamar yadda za a ji shi. In babban ɗa yana cin rabon ƙannensa, uba ya tsawata masa yau, tun ƙannen suna kawo ƙara wurinsa, gama ranar da suka daina kawowa sun riga sun fid da rai daga gare shi.

Bari mu riƙa tunawa da mutanen Habasha cikin addu'a, da dukan waɗanda aka danƙa wa riƙon jama'a a ƙasashenmu.